Mai Gonar Ya Zo da Kansa

Shafi na 17

Masu cika min waya da saƙo cewa in bar baiwar Allah nan ta huta haka, na gani, na kuma ji. Amma yau ma babu hutu. Ga abin da ya same ta a ofishin gona, daga bakinta.

*

Tun kafin a buɗe ƙofar ofishin nake zaune a kan benci, takardata a naɗe cikin leda, ledar a damƙe a hannuna.

Takardar mai unguwa ce. Layi huɗu kacal. Ta ce mijina ya tafi neman aiki shekara bakwai da suka wuce, bai dawo ba, ba a ji ɗuriyarsa ba, kuma ana kyautata zaton ya rasu.

Shekara bakwai ina gudun wannan takardar. Duk wanda ya kawo min zancenta sai mun ɓata. Na yi noma ni kaɗai, na aurar da 'yarmu ɗaya tilo ni kaɗai, na koma ina kunna rediyo tun safe don kawai in ji muryar mutum a tsakar gida.

Ruwa ne ya karya ni. Ambaliya ta kwana uku a gonata, ta kwantar da masarar da saura sati biyu in karya. Gwamnati ta ce za ta ba manoma tallafin gaggawa, amma mai gona ake ba. Gonar kuwa da sunan mijina take.

Malamin gona ya faɗa min gaskiya ba kwana-kwana: "Ko dai ya zo ya sa yatsa, ko ki kawo shaidar babu shi."

Shi ya sa na zo. Na zo in faɗa da bakina cewa ya mutu.

Layin ya yi tsawo har bakin titi. Kowa da nasa. Wannan da ɗansa yana riƙe masa kati, wancan da matarsa suna gardamar ko buhun iri za su fara saya ko kwanon rufi. Ni kuwa jakata na ajiye a gefena don kada wurin ya zama fili.

Wani tsoho mai sanda ya ture jakar ya zauna.

"'Yata, ke kaɗai kika zo?"

"Ni kaɗai, Baba."

"Ina maigidan?"

"Ya yi tafiya."

Bakina ne ya faɗa, don ya saba. Takardar tana hannuna tana ƙaryata ni.

"Allah ya dawo da shi lafiya," in ji tsohon. "Ni ruwan nan ya kwashe min komai. Shinkafa, tumaki biyu, har takalmina. Abu ɗaya ya bar min, ciwon gwiwa. Shi ya ce ba ya so."

Mutanen benci suka yi dariya. Ni ma na murmusa, don kada a ce wani abu.

Sai da rana ta take tsaka aka kira lambata.

Ɗakin ƙarami ne, fanka tana juyawa da ƙyar. Wata ma'aikaciya mai tabarau, da ba ta wuce sa'ar 'yata ba, tana zaune bayan kwamfuta. Gefenta wata 'yar na'ura mai jan haske, inda ake ɗora yatsa.

"Sannu, Mama. Lambar gona?"

Na miƙa mata katin. Na kwance ledar, na ɗora takardar mai unguwa a kan tebur, na lallashe ta da tafin hannu.

"Mai gonar mijina ne," na ce. "Ya..."

Na dubi takardar. Na sake ɗauko maganar.

"Ya rasu."

Shi ke nan, na faɗa. Fanka ba ta tsaya ba. A waje wani yana ta kiran lamba ta gaba.

"Allah ya jiƙansa," ta ce, idonta a kan kwamfuta. Ta danna, ta danna. Sai ta tsaya. Ta gyara tabarau. Ta ɗauki katin ta sake duba lambar.

"Mama, yaushe kika ce ya rasu?"

"Shekara bakwai ke nan da ɓatansa."

"To ai an riga an tantance wannan gonar."

"Wa ya tantance?"

"Mai gonar. Ya zo da kansa."

Na yi wata 'yar dariya da ban san daga ina ta fito ba.

"'Yar nan, duba dai da kyau. Ko wani ne ya zo da sunansa. Duniyar nan ta lalace."

"Na'urar nan ba ta karɓar suna, Mama, yatsa take karɓa. Yatsan da ya sa lokacin rajistar gonaki, shi ne ya fito. Ranar Litinin ya zo."

"Litinin wace?"

"Wannan da ta wuce. Yau kwana uku."

Na dafa tebur. Ban san na miƙe tsaye ba sai da ta ce in zauna.

"Akwai hoto," ta ce a hankali. "Duk wanda ya zo muna ɗaukarsa. A ƙa'ida bai kamata in nuna miki ba."

"Don girman Allah."

Ta waiga ta dubi ƙofa, sannan ta juyo min da fuskar kwamfutar.

Wani tsoho na gani. Gemu fari fat, kumatu sun faɗa, wuya kamar a ƙirga jijiyoyi. Na buɗe baki zan ce ba shi ba ne.

Sai na ga tabon. Wanda ƙahon bijimi ya yi masa a kan girar hagu, shekarar da muka yi aure. Ni na wanke masa jinin.

"Shi ne?" ta tambaya.

Idona ya sauka ƙasa, kan rigarsa. Hannun rigar na dama a naɗe yake, an soke shi da fil a kafaɗa. Babu komai a ciki.

"Ina hannunsa?"

"Haka ya zo, Mama. Na tuna shi. Da yatsan hagu muka yi, sai da muka gwada sau huɗu. Bai ce uffan ba har ya fita. Wanda ya kawo shi ne ke ta magana."

"Wa ya kawo shi?"

Ta mayar da idonta kan kwamfuta.

"'Yar nan, kina da uwa?"

"Ina da ita."

"To ki dube ni kamar ita. Shekara bakwai ko ƙofa iska ta taɓa sai na leƙa. Wa ya kawo shi?"

Ta sauke numfashi, ta jawo wani fom daga cikin tari.

"Tsohon ba shi da asusun banki. Wanda ya tsaya masa ne ya bayar da nasa, can tallafin zai shiga. Ga lambar wayarsa."

Ta fara karantowa. Ba ta kai ƙarshe ba na ƙarasa mata.

Lamba biyu ce kawai take kirana a duniyar nan. Ta 'yata, da wannan.

"Kin san shi?"

"Yayana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Ta ninke takardar mai unguwa ta tura min.

"Wannan ba ta da amfani yanzu, Mama. Ki tafi da ita."

Na fito. Tsohon mai sanda ya ɗaga murya: "'Yata, an dace?"

Na gyaɗa masa kai na wuce.

*

Shagon Yaya yana bayan tasha, inda yake gyaran injin ban-ruwa. Ban hau komai ba, da ƙafa na tafi. Na bi ta cikin kasuwa, mutane na bangaza ta ina bangazarsu, ba wanda na gani.

A hanya nake tuna zuwan Yaya gidana. Duk bayan wata biyu sai ya zo, ya zauna a kan turmi, ya ce, "Ƙanwata, ki haƙura da mutumin nan. Da yana raye da mun ji." Shi ya raka ni gidan rediyo muka ba da cigiya. Shi ya yi yawon asibitoci, ya dawo ya ce babu labari. Shi na riƙe a matsayin uba tun rasuwar iyayenmu.

Na same shi a tsugune gaban wani inji, hannu duk baƙin mai. Yana ganina ya washe baki.

"A'a, 'yar autar Inna! Yau ke ce a garin? Ba ki ce za ki shigo ba."

Ban gaishe shi ba. Tunda nake ban taɓa tsayawa a kan Yaya ban gaishe shi ba.

"Daga ofishin gona nake."

Sufanar da ke hannunsa ta tsaya.

"Ai na ce miki ki bar min zancen tallafin nan, zan san yadda zan yi."

"Ka kuwa san yadda ka yi."

"Me kike nufi?"

"Na ga hotonsa, Yaya."

Ya ajiye sufanar a ƙasa a hankali. Ya ɗauki tsumma ya shiga goge hannu. Ya goge, ya goge, har tsakanin yatsu.

"Shigo ciki. Mutane na kallo."

"Su kalla."

"Na ce ki shigo."

Na shiga. Shagon duhu-duhu, warin man inji ko'ina, tsofaffin bututu jingine da bango. Can ƙurya akwai ƙofar kwano ta ɗakin da yake ajiye kaya. Ya jawo min kujera, na ƙi zama.

"Tun yaushe?" na ce.

"Zauna mana."

"Tun yaushe ka sani?"

Ya kalli ƙasa.

"Shekara biyar."

Na dafa bango.

"Biyar."

"Wani direban tipa ne ya ba ni labari. Ya ce ya ga surukina a asibitin wani gari mai nisa, injin fasa dutse ya cinye masa hannu. Na je. Na same shi."

"Ka dawo ka zauna a kan turmina, ka sha ruwan randata, ka ce min babu labari."

"Shi ya roƙe ni!"

"Ƙarya ne."

"Wallahi shi ya roƙe ni. Ya riƙe min riga da hannun da ya rage, yana kuka kamar yaro. Ya ce ya fita don ya kawo, ba zai dawo a riƙa ɗaura masa wando ba. Ya ce gara ki ɗauka ya mutu."

"Kai kuma ka yarda."

"Me kike so in yi? In ɗauko miki mutum mai hannu ɗaya in ajiye miki? Ki yi noma, ki yi jinya? Ke da ko ƙashin baya ba ki da shi mai kyau?"

"Da ka tambaye ni."

"Na san abin da za ki ce."

"To shi ya sa ba ka tambaya ba."

A waje wata mota tana ta hon, ɗan kamasho yana kiran saura mutum ɗaya.

"Ranar auren 'yarmu," na ce, "kai ka tsaya a matsayin ubanta. Ta kwana tana kuka tana cewa da Babanta na nan. Kana ji."

"Ina ji."

"Shekarar da na kwanta zazzaɓi, kwana shida ba wanda ya leƙo ni. Da rarrafe nake zuwa randa. Mai hannu ɗaya ba zai iya miƙo min kofi ba?"

"Ƙanwata..."

"Ka san abin da nake yi in na dafa abinci? Har yau kwano biyu nake zubawa. In ya huce in juye wa kaji. Maƙwabta sun ɗauka taɓuwa na yi."

Yaya ya zauna a kan kujerar da na ƙi. Ya tsufa a gabana lokaci ɗaya.

"Na ɗauka za ki gaji," ya ce. "Na ce shekara ɗaya, biyu, za ki je wurin alƙali a raba, ki yi aure, ki huta. Mutum nawa na turo miki? Mai shagon taki ma har yau yana tambaya. Ke kika kafe."

"Da igiyar mijina a kaina kake turo min maza?"

Ya sunkuyar da kai.

"To me ya sa yanzu? Me ya sa ka ɗauko shi?"

"Saboda ruwan nan. Na je na ga gonarki, ko kara ɗaya bai tsaya ba. Na san ba za ki taɓa karɓo takardar mutuwa ba, kuma in ba yatsansa ba za a ba da ko sisi. Na ce in kawo shi a ɓoye ya sa, kuɗin ya shigo, in kai miki in ce wata hanya na bi. Ina na san za ki je wurin mai unguwa?"

Na ciro takardar na jefa masa a cinya.

"Ga ta. Yau da safe na kashe shi da bakina. A gaban 'yar mutane na ce ya rasu. Kai ka sa ni."

Ya dubi takardar, bai taɓa ta ba.

"A ina yake zaune?"

"Gadi yake yi a wani gidan ajiye siminti, can garin. Suna ba shi ɗaki."

"Wa ke dafa masa?"

"Shi."

"Da hannu ɗaya."

"Ya saba."

"Wa ke masa wanki? In ba shi da lafiya wa ke..."

Na juya baya na kalli bango, don kada Yaya ya ga hawayena. Ashe duk shekarun nan da nake zaune ni kaɗai, shi ma yana can zaune shi kaɗai, kuma mutum ɗaya ne yake shiga wurina ya fita, ya shiga wurinsa ya fita.

Na share fuska da bakin mayafi.

"Ba ni sunan garin. Yau zan hau mota."

"Ba sai kin hau ba."

"Yaya, kada ka sake yanke min hukunci. Ba ni sunan garin."

"Na ce ba sai kin hau ba." Ya kau da kai. "Bai koma ba tukuna. Zazzaɓi ya kama shi a hanya. Motar la'asar zan sa shi."

Sai a lokacin na lura da abin da ke bakin ƙofar kwanon nan ta ƙurya. Silifa ne, ƙafa biyu, a jere. Ba na Yaya ba ne, Yaya takalminsa na ƙafarsa.

Daga ciki aka yi tari.

Na san tarin. Ko cikin mutum dubu zan ware shi.

Na nufi ƙofar. Yaya ya yi wuf ya sha gabana, ya ware hannuwa.

"Tsaya. Bari in fara shiga in yi masa magana."

"Matsa."

"Minti biyu kawai. Akwai abin da ya kamata in..."

"Ka yi shekara biyar kana magana. Matsa min."

Ban san ina da wannan ƙarfin ba. Na ture shi har ya bugi bututun da ke jingine, suka zube da ƙara.

Na tura ƙofar. A sakale take ta ciki.

Na ɗora goshina a kan kwanon, yana da zafin rana.

"Baban yarinya," na ce. "Ni ce."

Na ƙwanƙwasa kwanon a hankali.

"Na san kana ji. Na ga hoton. Na ga hannun. Ban damu ba, wallahi ban damu ba. Buɗe."

Na ji motsin tabarma. Na ji takun ƙafa a hankali, har ya zo dab da ƙofar. Numfashinsa nake ji ta cikin tsagar kwanon.

Aka zare sakata.

Ƙofar ta buɗe kaɗan, iya faɗin tafin hannu. Ido ɗaya na gani, da rabin farin gemu. Ya daɗe yana kallona, tun daga kai har ƙafa, kamar mai tsoron in ya ƙifta zan ɓace.

"Kin rame," ya ce.

"Kai ma."

"Bai kamata ki zo nan ba."

"Don me?"

"Kada ki jawo wa kanki magana saboda ni. Ni na yafe, tun tuni na yafe. Shekara bakwai, mace ba ta zama haka ba aure."

"Ka yafe me?"

Ya dubi bayana, inda Yaya yake tsaye. Sannan ya dawo da idonsa kaina, ya rage murya.

"Mijinki ya san kin zo?"

Na juya a hankali.

Yaya ya riga ya kai bakin ƙofar shago.